Faifan Alli da Aninin Teku

A Kasuwar Kurmi, in ka ratsa wajen masu kayan saƙa, za ka tarar da faya-fayai jibge, wasu a rataye, wasu an kife su bisa juna. Ga ɗan kallo, faifai duk faifai ne: zagayayye, da cibiya a tsaka, da baki a gefe. Amma tsaya ka ga tsohuwar da ta zo sayen na auren jikarta. Za ta ɗaga ɗaya ta juya bayansa, ta duba inda aka fara naɗin, ta shafa bakin da babban yatsa, ta ce wannan na bakace ne, wancan na rufin ƙwaryar fura, wannan kuwa ado ne kawai, ba zai jure aiki ba. Mai rumfar ba ya musa mata, don ya san ido ne da ya daɗe yana gani. To, akwai wasu malamai a duniya da aikinsu ke nan, safe da yamma. Sai dai nasu faya-fayan na alli ne, daga teku suka fito, kuma in ka jera goma a layi, da ƙyar su kai kaurin silin gashi ɗaya.

Mai faya-fayan nan wata irin gansakuka ce. Mun san tamu ta kududdufi, mai shimfiɗa kore a fuskar ruwa bayan damina. Ta teku ba 'yar ɗakinsu ba ce, amma sana'arsu ɗaya: a zauna a saman ruwa, a sha hasken rana, a yi abinci da shi. Ita dai wannan ƙwayar halitta ɗaya ce tal, tana yawo ita kaɗai, kuma ba ta yarda ta zauna tsirara ba. Sai ta riƙa tsotsar sinadarin alli da ke narke a ruwan gishiri, ta ƙera faifai a cikin cikinta, ta turo shi waje, ta ƙera wani ta turo, har ta lulluɓe kanta ruf. Ɗauki goruba a ranka, ka manna mata faya-fayai goma sha wani abu, bakin wannan a ƙarƙashin bakin wancan, ba kafa ko ɗaya. Haka take. Wasu faya-fayan ma biyu-biyu ne, babba da ƙarami an haɗe su ta cibiya, yadda bakin na maƙwabci zai shige tsakaninsu ya kama gam. Malaman suna kiran kowane faifai kokolit. In kana son ka ji ƙanƙantarta: da a ce ita ce gorubar, to ƙwayar gero a gabanta soro ce guda. Ikon Allah ke nan, saƙa mai tsari haka a inda ba idon da zai gani.

Ba ta daɗewa a duniya, kwanaki ne. Ko ta mutu, ko wani ɗan ƙwaron ruwa ya haɗiye ta ya kasayar, kuma cikin kashin nasa ne yawanci faya-fayan ke samun nauyin nutsewa ƙasa. Haka suke zuba dare da rana kamar tsaki daga rariya, shekara dubu ta ba da abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Amma teku ba ta gaggawa. Fararen duwatsun nan na gaɓar Dover a Ingila, masu tsayin da ya haura mita 100, kusan dukansu tarin faya-fayan nan ne.

Ga inda aikin ya yi wuya. Tsohuwar Kurmi faifanta cikakke ne a hannunta, kuma in ta rikice tana iya tambayar mai rumfa daga wane gari aka kawo shi. Shi mai duba alli ba shi da wanda zai tambaya. Abin da ke gabansa kamar ɗakunan amare dubu ne aka kwashe jerensu aka watsa a fili ɗaya, ruwa ya daka, shanu suka bi ta kai, sannan aka ce zo ka faɗa mana na wace ce wannan, kuma su wa da wa ne 'yan gida ɗaya. Naman halittar ya ruɓe tun tuni, gorubar ta watse. Da saƙar kaɗai zai yi hukunci: zagaye ne ko mai siffar ƙwai, tsinke nawa ne a bakin, sun kwanta dama ko hagu, cibiyar a buɗe take ko an gitta mata sanda, sandar ɗaya ce ko biyu a giciye. Ga kuma wani rikicin. Wata halittar iri biyu take sawa a jiki ɗaya, na jiki daban, na wajen baki daban. Wata kuma tana sauya kaya gaba ɗaya a wani mataki na rayuwarta, kamar yarinyar da ta ajiye kayan 'yan matanci ta ɗauki na matan aure. A 1960 wata masaniya a Ingila, Mary Parke, da abokiyar aikinta suka reni irin wannan gansakuka a kwalba, suka ga abin da aka yi wa suna biyu ashe halitta ɗaya ce a shiga biyu. Mai rai ana iya renonta a kama ta tana sauya zane. Wadda ta ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce, sai dai a yi haƙuri da sunan da saƙarta ta ba da.

An daɗe ma ba a yarda halitta ce ba. Bajamushen nan Christian Ehrenberg ne ya fara ganin su a 1836, cikin allin tsibirin Rügen, ya ɗauka ƙanƙarar ma'adini ce kawai, irin yadda gishiri ke fitar da ido in ruwa ya ƙafe. A 1857 jirgin Ingila ya yi ta auna zurfin Tekun Atilantika don a shimfiɗa wayar tangaraho zuwa Amurka, ya ɗebo lakar ƙasan teku, aka kai wa masani Thomas Huxley. Shi ya raɗa musu sunan kokolit a 1858, amma shi ma bai ɗauke su masu rai ba. Sai a 1861 George Wallich ya ba da labarin ya ga gorubar cikakkiya, faya-fayan na manne a jikinta, Henry Sorby kuma ya nuna kowane faifai a lanƙwashe yake, daidai kwanciya a kan abu mai zagaye. Wanda ya ga faifai kife a kan ƙwarya ba ya sake tambayar amfaninsa.

Cikin dukan zuriyar, wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce mai siffar tauraro. Wani matashi ɗan Indonesiya mai asalin Sin, Tan Sin Hok, wanda ya yi karatu a Holan, shi ya sa mata suna Discoaster a 1927. Ɗaya daga cikin nau'o'in ya kira shi Discoaster brouweri, don girmama malaminsa Brouwer, yadda mu ma ɗalibi kan yi wa malaminsa takwara. Suna na farko na gida ne, na biyu na mutum. Gidan ya haifi nau'i wajen 100, ya bayyana kusan shekara miliyan 60 da suka wuce, ya ƙare ƙurmus wajen miliyan 2. Ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin mai ransa.

Bari mu leƙa yadda ake dubawa, don kayan aikin ba su da yawa. A kankaro ɗan garin dutse da tsinken sakace, abin da bai kai kan ashana ba. A ɗiga ruwa a kan siririn gilashi, a dama da tsinken, a shafe shi siriri kamar ana shafa man shanu a tuwon marowaci, a busar a kan wuta, a manne da gam. Shi ke nan. Sai a sa a ƙarƙashin madubin likita, irin wanda ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi, a ƙara girma sau 1000. Abin da ya bambanta shi da na asibiti gilasai biyu ne masu tace haske. In aka gitta su, fili ya yi duhu, faya-fayan zagaye su haska fari da baƙin gicciye a tsakiya, taurarin kuwa yawancinsu su ɓace cikin duhun. A janye gilashi ɗaya, su dawo. Wannan ɓuya da bayyana ita ce shaida ta farko.

Daga nan sai ƙirgen hannaye. Na farkon zamani ƙattai ne masu kauri, hannayensu a manne da juna, kamar ka yanka lemo gida biyu ka dubi cikinsa. Akwai mai hannu 20, har da mai 30. Da zamani ya yi nisa sai suka riƙa ramewa, hannayen suna raguwa suna rabuwa. Na ƙarshe-ƙarshen sirara ne. Mai hannu biyar, kowane hannu da baki biyu kamar gwafa, shi ne pentaradiatus. Mai shida, wanda tsakanin gwafar akwai wani ɗan tsinke na uku da ya leƙo ƙasa, shi ne surculus. Mai huɗu a giciye, tamalis. Shi kuwa brouweri hannu shida ne, ba gwafa, sun ranƙwafa ƙasa kamar ƙarafan lema. Sai a duba cibiya, akwai ƙullutu ko babu. In mutum ya ga wanda bai dace da kowa ba, ba ya tashi kawai ya raɗa suna. Dole ya bayyana siffar a rubuce, ya buga hoto, ya ware ƙwaya ɗaya ya ce wannan ce ma'auni, ya faɗi inda aka ajiye ta don na baya su zo su gwada. In kuma daga baya aka gano wani ya riga shi, sunan farko ne ke tsayawa, nasa ya faɗi.

Kuma an sha faɗawa rami. Tauraron da ya daɗe kwance a ƙasan teku, alli kan ƙara taruwa a jikinsa, hannayen su kumbura, gwafar ta toshe, kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu ba a kankare ba. Wani kuma ruwa ya zaizaye shi. Malaman farko sun raɗa wa irin waɗannan sababbin sunaye da dama, sai da madubin lantarki ya zo daga wajejen 1950 aka riƙa gane tsohuwar tukunya ce ta yi baƙi.

To, me ya sa ake wannan wahala? A nan sai mu ajiye faifai mu ɗauko anini. Dattawa sun san shi: ɗan kuɗin nan mai huda a tsaka da tauraro mai tsini shida, goma ke yin kwabo. Ya yi zamaninsa ya wuce, yau ko gyaɗa ba za a ba ka da shi ba. Amma a ce ana haƙa tushen gini a Yakasai ko Mandawari, aka ci karo da anini a zurfin ƙugu. Ba sai an kira kowa ba, ka san ƙasar da ke nan ba ta riga zuwan Turawa kwanciya ba. In can ƙasa aka tarar da wuri zalla, an koma zamanin da. In sama aka tsinci kwabon naira, an shigo bayan 1973. Haka taurarin nan suke a cikin laka. Kowane nau'i yana da ranar fitowa da ranar daina karɓa, kuma da yake igiyar ruwa na kai su ko'ina, kuɗi ne da ya ci kasuwannin tekunan duniya masu ɗumi a lokaci ɗaya.

Kuɗi ma wani ya fi wani faɗin lokaci. Wuri, in ji tarihin Kano, ya shigo ne zamanin Sarki Muhammadu Sharefa a farkon ƙarni na 18, ya yi wajen shekara 200 ana ciniki da shi. In ka tsince shi, bai gaya maka abu mai yawa ba. Amma akwai anini da kwabo na 1936 masu ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba. Wannan in ya fito, ya tsayar da magana. A teku ma akwai nau'in da ya fi shekara miliyan 60 yana nan har yau, ba ruwan mai ƙirgen zamani da shi. Wanda ake so shi ne mai gajeren kwana, mai yawa, mai sauƙin ganewa. A 1954 Bramlette da Riedel a Amurka suka nuna taurarin nan sun cika sharuɗɗan. Jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya fara huda ƙasan tekuna a 1968, a 1971 kuma Bajamushe Erlend Martini ya yanka shekara miliyan 66 na baya-bayan nan gida 46, kowane gida da nau'in da ke buɗe shi ko rufe shi. Har gobe da wannan ma'aunin ake ciniki.

Ƙarshen gidan taurarin ma a jere ya zo, kamar yadda aka janye tsofaffin kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Su masu son ruwan ɗumi ne. Da ƙanƙara ta fara mamaye arewacin duniya, teku ta yi sanyi, mai hannu huɗu ya fara tafiya wajen shekara miliyan 2.8 da suka wuce, surculus da mai hannu biyar suka bi shi wajen miliyan 2 da rabi, brouweri ya rage da wani ɗan'uwansa mai hannu uku, su ma suka tafi ƙasa kaɗan da miliyan 2.

Mai haƙar rijiya ya san abu biyu da mai duba alli ma ya sani. Na ɗaya, ƙasar sama tana zubowa ƙasa, ta ƙasa ba ta hawa da kanta. Shi ya sa a rijiyar mai, inda garin dutse ke fitowa a cakuɗe, an fi amincewa da inda aka fara cin karo da nau'i ana gangarawa, don ba yadda za a yi ya faɗo daga sama in babu shi a saman. Na biyu kuwa magina na cikin gari sun fi kowa saninsa: tsohuwar katanga in ta faɗi, ƙasarta ake sake kwaɓawa a yi sabon ɗaki, kuma aninin da ke cikinta zai shiga sabon bango. Kogi ma yakan kwashe tsohuwar laka ya zuba a sabuwa. Don haka ba a yanke hukunci da ƙwaya ɗaya. A irin wannan cakuɗar ta tsoho da sabo, ana duba wanda ya fi ƙuruciya a taron, shi ne mai faɗin gaskiyar shekarun. A yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, rairayi da laka sun hau juna dubban mitoci, kuma duk kamarsu ɗaya a ido. Taurarin nan, tare da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da garin furen itatuwan da, su ne ke gaya wa masu haƙa ko shimfiɗar da suka taɓa a wannan rijiya ita ce ta waccan. Kuɗin da ƙasar nan ke rabawa duk wata, da ɗan hannun mai tsinken sakace a ciki.

Mai karatu zai ce mu da ke Kano ina ruwanmu da teku. Gaskiya ne, ƙarƙashin birni tsohon dutse ne mai tauri wanda ya girmi duk waɗannan halittu nesa ba kusa ba, kuma ko ka haƙe gindin Dala da Goron Dutse ba za ka samu tauraro ɗaya ba. Amma yi yamma. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, wani hannun teku mara zurfi ya sha malalowa daga arewa, ta inda Sahara take yau, ya ratsa Mali da Nijar ya kwanta a ƙasar Sakkwato. Masana duwatsu, irin su Farfesa Cornelius Kogbe da ya yi dogon aiki a yankin, suna kiran shimfiɗun da sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A shimfiɗar Dukamaje aka samu ƙasusuwan wani ƙaton dabbar teku mai kama da guza, wanda a 1972 masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus, wato da sunan Goronyo. Shi da danginsa sun ƙare a babbar halakar nan ta shekara miliyan 66, wadda ta tafi da fiye da tara cikin goma na nau'o'in masu faifan alli. Bayanta ruwa ya sake dawowa, ya shimfiɗa lakar Dange, sannan farin dutsen Kalambaina, cike da ɓawon dodon koɗi da sauran halittun teku. Zamanin wannan farin dutse shi ne daidai lokacin da gidan taurarin ya fara bayyana a tekunan duniya. Shi ake fasawa a masana'antar siminti ta Kalambaina tun 1967, irinsa kuma ake fasawa a Malbaza ta Nijar. Buhun simintin Sakkwato da aka shafe soro da shi a cikin gari, tsohon ƙasan teku ne aka gasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne a ce sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan duniya, amma yaron Dange ko na Wurno ya gama sakandare bai taɓa jin garinsu ya kwana ƙarƙashin ruwan gishiri ba. Ana koyar da ilimin duwatsu a Zariya, da Bayero, da jami'ar Ɗanfodiyo, kuma wannan reshe na ilimin bai fi ƙarfinmu ba. Ba ya son injin biliyoyi. Madubi mai kyau yake so, da littafin hotuna, da mutum mai zama. Mutanen da ke bambance saƙar faifai da yatsa, ko su dubi hula daga nesa su ce wannan aikin hannu ne wancan na keke, ba idon ne ya gagare su ba. Dubi Tanzaniya. A yankin Kilwa an haƙa ramuka marasa zurfi sosai a farkon shekarun 2000, aka samu yumɓun da ya rufe faya-fayan bai bar ruwa ya taɓa su ba, wasu har gorubar ba ta watse ba, aka fitar da sababbin nau'o'i gommai. Yau duk mai wannan ilimi a duniya ya san sunan Kilwa.

Sirrin shi ne yumɓu, da kuma sabon samfur. Dutsen da ya daɗe a fili, ruwan sama da rana sun riga sun cinye allinsa, sai a samu gilashi fayau ba komai. Wanda ake so shi ne na sabuwar fuskar da aka fasa a mahaƙar siminti, ko na cikin rami. Masu haƙar burtsatse a Sakkwato da Tawa kuwa kullum suna fito da baƙar laka da toka-toka daga zurfin mita gommai, a bar ta a bakin rami har damina ta wanke. Cokali ɗaya ya isa. A ɗiba duk bayan 'yan mitoci, a ƙulla kowane a ledarsa daban, a bar shi ya bushe a inuwa, a rubuta sunan garin da zurfin a jiki tun kafin a bar wurin, don samfurin da ba a san zurfinsa ba, ko masanin duniya aka kai wa ba abin da zai iya yi da shi.